Abin Da Eufemia Ta Kira Kishi

Eufemia na tsaye a bakin murhu tana juya tortiya, wainar masara mai faɗi, da yatsunta lokacin da dariyar ƙanwarta ta shigo ta taga. Ba ta waiwaya ba, don ta san abin da za ta gani. Delfina ce zaune a dakalin ƙofa da cikinta na wata shida, mijinta Leandro durƙushe a gabanta yana ɗaure mata igiyar takalmi, yana tsokanarta wai nan da wata biyu in ya durƙusa haka sai ya hau tsani kafin ya hango fuskarta.

"Wani abu na ƙonewa, 'yar nan," in ji Kaka Benigna daga kujerarta. Idanun tsohuwar sun daɗe da dushewa, amma hancinta da kunnenta ba abin da ke wuce su.

Eufemia ta cire tortiyar da ta yi baƙi ta jefa a kwandon shara.

Gidan nasu tsohon ginin ƙasa ne a ƙauyen Los Alisos, can cikin tsaunukan arewacin jihar New Mexico ta ƙasar Amurka. Mutum huɗu suka rage a cikinsa tun da aka binne mahaifiyarsu, Ramoncita, a farkon bazara. Shekara shida Ramoncita ta yi tana fama da ciwon huhu, kuma Eufemia ce ta bar makarantar koyon aikin jinya tun a shekarar farko ta dawo ta zauna da ita. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta a gado, ita ke riƙe kwano in tari ya taso. Delfina kuwa, da yake ita ce ƙarama, aka bar ta ta gama karatunta a birni, ta dawo, ta yi aure. Ranar da Ramoncita za ta cika, ta damƙi hannun Eufemia ta ce, "Delfina, kin zo?" Eufemia ta ce, "Na zo, Mama." Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Shi kuwa Leandro, akwai wani ɗan tarihi tsakaninsa da Eufemia, wanda bai kai a kira shi tarihi ba. Shekara goma da suka wuce, ranar bikin waliyyin ƙauyen, ya yi rawa da ita sau uku, ya raka ta gida, ya tambaye ta ko zai iya zuwa ranar Lahadi. Ta yi masa dariya ta ce ba ta da lokacin saurayi mai warin hayaƙi, domin tun a lokacin aikinsa ke nan, in rani ya yi sai ya bi ayarin masu kashe gobarar daji. Daga nan ta manta da shi sam. Ba ta sake tuna shi ba sai ranar da ya shigo gidan da kawunsa neman auren Delfina.

Tun daga ranar wani abu ya tsira a ƙirjinta. In ta ga ya ɓare wa Delfina tuffa, sai ta ji abinci ya fita ranta. In ta ji muryarsu ta bango suna gardamar sunan da za su raɗa wa jariri, sai ta tashi ta kama shara ko da babu datti. Ta samo wa abin suna ta kwantar da hankalinta: kishi ne. Ai ni ya fara gani, ni ya fara nema, dole in ji zafi. Da wannan sunan ta riƙa lallaɓa abin tana rainonsa har ya yi ƙarfi.

Wata Litinin cikin watan Yuni suna shanya kaya a bayan gida su biyu, Delfina na ba ta labarin cewa Leandro ya yi mata alkawari bana ba zai tafi aikin wuta ba, zai tsaya ya kula da gonar tuffa har ta haihu. Tana faɗa fuskarta na sheƙi. Eufemia ta dubi fuskar nan, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Akwai maganar da na daɗe ina riƙewa," ta ce. "Ban so in faɗa miki ba saboda halin da kike ciki, amma ina ganin zaman yaudara ya fi muni."

Delfina ta tsaya da rigar da ke hannunta. "Wace magana, Yaya?"

"Ranar da aka binne Mama, ya same ni a bayan coci. Ya kama hannuna, ya ce da na amsa masa tun farko, da rayuwarsa ba haka take ba."

"Amsa masa me?"

"Au, bai gaya miki ni ya fara nema ba?"

Gaskiya ne ya kama hannunta a bayan coci, kuma Delfina ta hango su daga nesa a ranar ba ta kawo komai a ranta ba. Amma abin da ya ce shi ne, "Yaya Eufemia, Allah ya saka miki. Ke kaɗai kika ɗauki wannan nauyi, duk mun gani." Eufemia ta san haka sarai lokacin da take sauya maganar.

Kwana uku Delfina ba ta ce wa mijinta komai ba, sai dai ta daina dariya. Ranar Alhamis abin ya fashe. Eufemia na kicin tana jin komai. Delfina ta tambaye shi ko ya riƙe hannun yayarta a bayan coci, ya ce ya riƙe. Ta tambaye shi ko ya taɓa nemanta, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce abu ne na yarinta, rawa ce kawai, shi ya sa bai ga amfanin faɗa ba. Wannan shirun shi ya gama komai. Ya yi rantsuwa, ya yi lallashi, ya ce ta zo su je gaban Eufemia a maimaita maganar, amma Delfina ta shige ɗaki ta murɗa makulli tana kuka, tana cewa ashe ita cikon gurbi ce, ashe duk lokacin da ya dube ta fuskar wata yake nema.

Leandro ya shigo kicin ya tsaya. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, me na yi miki?"

Eufemia ta ci gaba da tsince waken da ke gabanta kamar ba da ita ake ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya fita.

Washegari da safe shugaban ayarinsu ya bugo waya. Wuta ta tashi a bayan tsaunukan yamma, iska na kora ta, kuma mutanensa ba su cika ba. Da a makon jiya ne Leandro zai ce a'a. Yau kuwa ya ɗauko jakarsa da takalmansa masu nauyi, ya je ƙofar ɗakinsu ya ƙwanƙwasa. Ba a buɗe ba. Ya jingina goshinsa da ƙofar ya ce, "Delfina, zan tafi. Ki riƙa shan maganinki, kin ji? In na dawo ma yi magana." Ya durƙusa gaban Kaka ta sa masa albarka a goshi, ya shiga motarsa.

Gidan ya yi tsit. Kuma abin mamaki, a kwanakin nan Eufemia ta ci abinci har da ƙari, ta yi barci mai daɗi irin wanda rabonta da shi tun kafin jana'iza. Har ta kama kanta tana 'yar waƙa wajen wanke-wanke.

Ranar Talata iska ta juya. Da tsakar rana sama ta yi duhu, rana ta koma wani jan faifai da mutum zai iya kallo ido da ido. Toka ta fara sauka a hankali kan rufin gidaje, kan ganyen barkono, kan kayan da aka shanya. Kaji suka shige akurki da azahar suna tsammanin magariba ce. Wajen ƙarfe uku matar shugaban ayarin ta tsaya da mota a ƙofar gida, ba ta ko kashe injin ba. Ta ce wuta ta tsallake layin dajin da suka sare don tare ta, ta datse mutum tara a cikin wani kwazazzabo, rediyonsu ta yi shiru, hayaƙi kuma ya hana jirgin ceto tashi. Leandro na cikin taran.

Delfina ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa a inda take tsaye, ta riƙe cikinta da hannu biyu.

Daga wannan sa'a gidan ya sauya wa Eufemia. Ta shiga ɗakin mahaifiyarsu, inda take kwana yanzu, sai ta ji tari. Tarin nan mai tsawo da ta sani shekara shida, yana fitowa daga wajen gadon. Ta juya, babu kowa sai hasken nan ja da ke shigowa ta labule. Ta fito da sauri ta tsaya a tsakar gida, sai ta ji ƙarar motar Leandro tana hawowa tudu, ta ruga bakin hanya, hanyar fayau, babu ko kare. Ta wanke hannunta sau uku, amma warin ƙuna bai bar yatsunta ba. Duk inda ta juya tana jin tambayar nan a hankali, ba faɗa ba zagi: Yaya, me na yi miki?

Laraba ta zo ta wuce babu labari. Matan ƙauye suka taru a coci suka kunna kyandir tara. Delfina ta ƙi cin komai. Ta ɗauko tsohuwar rigar aikinsa ta rungume, tana zaune a bakin ƙofar da ta ƙi buɗe masa, tana maimaita magana guda: "Ya ƙwanƙwasa, ina jinsa. Ina tsaye a bayan ƙofar nan, hannuna na kan makulli." Abin da ya fi yi wa Eufemia ciwo shi ne da ta kawo mata romo, Delfina ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ki yi masa addu'a. Na san ke ma kina sonsa. Ban damu ba yanzu, ko wa yake so, ya dawo da rai kawai."

Eufemia ta ajiye kwanon ta fita da baya.

Ranar Alhamis da hantsi Kaka Benigna ta kira ta. Tsohuwar na zaune a rumfa, toka ta yi fari a kan mayafinta, carbinta a hannu. Ta ce ta zauna kusa, inda za ta iya taɓa ta.

"Ni ba na gani," ta ce, "amma na ji kina waƙa ranar Asabar."

Eufemia ta sunkuyar da kai. Can ta fashe da kuka, ta faɗi komai: ƙaryar, da ainihin abin da ya ce a bayan coci. Ta ce kishi ne ya rufe mata ido, ta ce ita ya fara nema, ta ce ba ta san abin zai kai haka ba.

Kaka ta bar ta ta gama. Sannan ta ce, "Zan tambaye ki abu ɗaya, kada ki yi saurin amsawa. A ce yanzu yaron nan ya shigo ta ƙofar can lafiya lau, ya ce ya rabu da ƙanwarki, ke yake so, ki ɗauko kayanki. Za ki bi shi?"

Eufemia ta buɗe baki za ta ce i, sai maganar ta ƙi fita. Ta gwada ganin kanta zaune a dakali yana ɗaure mata takalmi, ta gwada ganin kanta tana jiran dawowarsa duk rani. Ba ta ji komai ba. Ko launin idonsa ba ta iya tunawa ba. Wanda ta kwana tana cewa nata ne, ashe ko sau ɗaya ba ta taɓa kewarsa ba.

"A'a," ta ce a hankali.

"To me kike so?"

Da amsar ta fito, ita kanta sai da ta tsorata. "So nake ta daina dariya." Ta share hanci da bayan hannu. "Ita ta yi karatu, ita ta yi aure, ita za ta haihu. Ni na zauna da kwanon tari shekara shida. Kuma da Mama za ta tafi, hannuna ta riƙe, amma sunan Delfina ta kira."

Kaka ta laluba ta kamo kanta ta kwantar a cinyarta.

"Na ji lokacin da ta kira," ta ce. "Ina ɗakin. Wanda ba ya nan ake kira, 'yar nan. Ke ba ta taɓa buƙatar kiranki ba, don ba ki taɓa matsawa ba. An zalunce ki, ni ma da hannuna a ciki, mun ga kina iyawa sai muka sakar miki komai. Amma ki daina kiran abin nan kishi. Abin da ke damun ƙanwarki shi ne kishi. Tana da abu a hannunta, tana sonsa, aka ce mata za a ƙwace, ta haukace. Ke ba ki da abin da za a ƙwace miki. Ba ki son mijin, ba ki son ta same shi ne kawai. Wannan hassada ce, kuma muddin kina yi mata ado da wani suna ba za ta bar ki ba."

Eufemia ta tashi daga nan ta tafi kai tsaye wurin Delfina. Ta durƙusa a gabanta ta faɗi gaskiya tun daga farko, kalma bayan kalma, har da ainihin abin da Leandro ya ce. Delfina ta zuba mata ido kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Ke kika yi min kitso ranar aurena," ta ce. "Hannunki na cikin gashina, wannan abin na cikin ranki?"

"Yana ciki."

"Tashi ki ba ni wuri, Yaya. In ya mutu, ban san yadda zan yi da fuskarki ba."

Eufemia ba ta roƙi gafara ba, don ta ga ba ta cancanci roƙo ba tukuna. Ta koma kicin ta ɗora ruwa, ta dafa kunun masara, ta ajiye a bakin ƙofa ta tafi. Bayan sa'a guda ta tarar da kwanon babu komai.

Da la'asar ɗin ranar iska ta kwanta, jirgi ya samu ya tashi. An same su tara a cikin wani kogon dutse a gefen rafi, inda suka kwana biyu suna jiƙa riguna suna rufe fuska. Duk suna da rai. Leandro ne ya fi jin jiki, domin shi ya koma ya janyo abokin aikinsa Onofre da itace ya danne wa ƙafa. Hannunsa na hagu ya ƙone, hayaƙi mai zafi kuma ya gasa masa maƙogwaro.

Eufemia ce ta tuƙa Delfina zuwa asibitin birni, tafiyar awa biyu. A bakin ɗakin Eufemia ta tsaya, Delfina ta shiga. Ta cikin gilashin ƙofa ta ga ƙanwarta ta kifa fuskarta a ƙirjinsa tana magana tana kuka, shi kuma ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan cikinta. Daga baya Delfina ta faɗa wa Kaka cewa abin da ta fara ce masa shi ne, "Na buɗe ƙofar, Leandro. Motarka ta riga ta sha kwana." Ta ce ta roƙe shi gafara, domin ƙaryar ta wata ce, amma makullin ita ta murɗa, ita ta ƙi sauraron mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Sati uku ya yi a asibiti. Hannun ya warke da tabo, amma muryar ba ta dawo daidai ba. Mutumin da a da ake jin dariyarsa daga bakin rafi, yanzu in zai yi magana sai an matso kusa. Ranar da aka sallamo shi Eufemia ta tsaya gabansa ta maimaita abin da ta gaya wa matarsa. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce da wannan dusasshiyar muryar, "Ni na ɗauki jakata da fushi, Yaya, ba ke kika ɗaukar min ba. Kuma da ban je ba, da babu mai janyo Onofre daga ƙarƙashin itacen nan. Na yafe." Yafiyar ta fi mata mari zafi.

Delfina kuwa ba ta yafe a rana ɗaya ba. Ta yi makonni tana amsa gaisuwa kawai. Eufemia ta ci gaba da wanke wa Leandro ƙunar hannunsa safe da yamma, don ita ta iya, ba ta neman a gode mata. Cikin watan Satumba, ana tsakiyar aikin gasa barkonon da aka girbe a ƙauyen, naƙuda ta kama Delfina, kuma da ciwo ya yi tsanani a mota, ta miƙo hannu baya tana lalube ta ce, "Yaya, kina ina?" Ta haifi 'ya mace lafiyayya.

Bayan an yi wa jaririyar baftisma, Delfina da kanta ta cike takardun komawa makarantar jinya ta ajiye wa yayarta a kan tebur, ta ce yanzu ita Delfina ce za ta ɗauki nauyin Kaka, ita ma ta ɗanɗana. Eufemia ta tafi birni cikin watan Janairu tana da shekara talatin. Duk ƙarshen wata tana zuwa gida. In ta tarar da su suna dariya a dakali, wani lokacin tsohon abin nan yakan motsa mata a ƙirji, amma yanzu ta san sunansa, sai ta kira shi da sunan a ranta ta ƙarasa ta zauna tare da su. Sai dai har yau, duk lokacin da Leandro ya buɗe baki zai ce mata sannu da zuwa, ta ga yana matsowa don ta ji shi, sai idonta ya cika. Wannan ba zai taɓa barinta ba, kuma ba ta roƙi Allah ya cire mata ba.

Kishi da hassada sukan shigo da fuska iri ɗaya, shi ya sa mutum kan rikita su a ƙirjinsa. Mai kishi tsoron rasa nasa yake yi, kuma in ya yi haƙuri ya saurara kafin ya rufe ƙofa, gaskiya na warkar da shi. Mai hassada ba ya son abin, farin cikin mai abin ne ke damunsa, kuma babu abin da za a ba shi ya ƙoshi sai ya yarda da ciwonsa ya nemi tasa rayuwar. Duk wanda ya ji zafi don ɗan'uwansa ya samu, ya tsaya ya tambayi kansa tsakani da Allah: in aka ba ni, ina so? In amsar a'a ce, to ya kama bakinsa tun maganar ba ta fita ba.